Daga kashi 57 zuwa kashi 99: tarihin zaɓukan Kwame Nkrumah

Tsakanin 1951 da 1965, sau shida Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, da jam'iyyarsa ta CPP suka shiga babban zaɓe ko ƙuri'ar raba gardama, kuma ko sau ɗaya ba su sha kaye ba. Wanda ya tsaya kan alƙaluma kaɗai zai ɗauka farin jinin mutumin hauhawa ya yi ta yi: kashi 57 cikin ɗari a 1956, kashi 89 a 1960, kashi 99.9 a 1964. Amma shekara biyu bayan wannan adadi na ƙarshe sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa, jama'a suka cika titunan Akra suna murna, aka tumɓuke mutum-mutuminsa da ke gaban majalisa. To, ina mutum 2,773,920 da aka ce sun mara masa baya suka shiga a ranar?

Amsar tana cikin zaɓukan kansu. Ukun farko zaɓuka ne da zai iya faɗuwa, ya kuma ci su da guminsa. Ukun baya an tsara su ne yadda faɗuwa ba za ta yiwu ba. A ganina ƙarfin Nkrumah na haƙiƙa yana cikin ƙaramin adadin nan na 1956, kuma duk hawan da alƙaluman suka yi daga baya, sauka ce a gare shi.

Ɗan takara a kurkuku

Nkrumah ya koma gida a ƙarshen 1947 bayan shekara 12 a Amurka da Ingila. Lokacin ana kiran ƙasar Gold Coast, tana hannun Turawan Ingila. Ya zama babban sakataren UGCC, ƙungiyar lauyoyi da manyan 'yan kasuwa da Dokta J. B. Danquah yake gaba-gaba a cikinta. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Su Danquah suna neman mulkin kai nan ba da jimawa ba, shi kuwa cewa yake yanzu-yanzu. Ranar 12 ga Yunin 1949 ya kafa CPP a Akra, ya tafi da kusan duk matasan ƙungiyar. Mutanensa su ne malaman firamare, ƙananan akawuna, direbobi, tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, matan kasuwa, da samarin da suka gama makaranta ba su sami aiki ba, waɗanda manya ke yi wa gorin a barandar mutane suke kwana. CPP ta karɓi gorin ta mai da shi kirari.

A Janairun 1950 ya kira yajin aiki na gama-gari da ƙaurace wa kayan Turawa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta kama shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku a kurkukun James Fort da ke bakin teku a Akra. Yana can aka sa ranar zaɓe.

A nan wata 'yar kafa a cikin doka ta yi masa rana. Dokar zaɓe ta hana takara ga wanda aka ɗaure fiye da shekara ɗaya. Hukuncin Nkrumah kuwa guda uku ne daban-daban, kowanne shekara ɗaya, yana gama wannan ya shiga wancan. Don haka sunansa ya shiga jerin 'yan takarar Akra. Aikin waje ya faɗo kan Komla Gbedemah, wanda aka sako daga kurkuku daidai lokacin da aka shigar da maigidansa. Gbedemah ya bar wa Nkrumah kujerar Akra, shi ya tafi ya tsaya a Keta. Shi ne ya kafa rassa gari-gari, ya samo motoci masu lasifika da aka yi wa fentin ja da fari da kore suna ratsa ƙauyuka. Nkrumah kuma da dare yakan raɓa inda hasken fitilar titi ke shigowa ɗakin da aka kulle su, ya rubuta umarni a kan takardar banɗaki, wani gandiroba mai tausaya musu ya fitar da ita.

An gina tsarin mulkin wancan lokaci ne yadda 'yan ta-kife ba za su yi rinjaye ba. Majalisar tana da kujeru 84, amma 38 kaɗai jama'a ke zaɓa, a cikinsu ma biyar ne na manyan birane ake zaɓa kai tsaye, sauran 33 ta hanyar wakilai. Majalisun sarakuna ke cike kujeru 37, ragowar na manyan jami'an Turawa ne da kamfanoni. Duk da haka, da aka ƙirga ƙuri'un Fabrairun 1951, CPP ta kwashe 34 daga cikin 38. Fursunan James Fort ya sami ƙuri'a fiye da 20,000 a Akra, abokan karawarsa babu wanda ya kai 2,000.

Gwamna Charles Arden-Clarke yana da 'yan sanda, yana da soja, yana da hukuncin kotu a hannu. Doka ba ta tilasta masa sakin kowa ba. Amma ya san ba za a iya kafa gwamnati ba tare da CPP ba, CPP kuma ba za ta shiga ba shugabanta yana ɗaure. Ranar 12 ga Fabrairu aka buɗe ƙofa. Jama'a suka ɗauke shi a buɗaɗɗiyar mota zuwa filin da aka kafa jam'iyyar, aka yanka tunkiya, ya taka jinin da ƙafa ba takalmi sau bakwai, bisa al'adar wanke dattin kurkuku. Washegari gwamna ya kira shi fadarsa ta Christiansborg ya ce ya kafa gwamnati. A Maris 1952 aka sauya sunan muƙaminsa zuwa firaminista.

Wannan lamari yana da nauyi a duk abin da zai biyo baya. Ba bindiga ce ta fito da Nkrumah ba, ƙuri'ar da aka ƙirga tsakani da Allah ce, kuma wanda ya ɗaure shi ne ya ƙirga ta ya kuma yi mata biyayya. A duk Afirka ta wancan zamani da wuya a sami wanda ya fi shi sanin amfanin zaɓe na gaskiya ga mutumin da ke ɗaure.

Zaɓen 15 ga Yunin 1954 shi ne na farko da aka zaɓi dukan 'yan majalisa kai tsaye, kujeru 104, har da na Arewa. Yadda ake jefa ƙuri'ar ya dace da ƙasar da akasarin mutanenta ba su yi boko ba: kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamarsa a jiki, mai zaɓe ya shiga bayan labule ya jefa takardarsa a wanda ya ga dama. Alamar CPP jan zakara. Ta sami kujeru sama da 70. Danquah ya faɗi a ƙasarsu ta Akyem Abuakwa, a jam'iyyar 'yan boko ta GCP kuwa Dokta Kofi Busia ne kaɗai ya tsira. Sai dai ɓaraka ta fara bayyana. Mutum fiye da 1,000 suka nemi CPP ta tsai da su, da aka fitar da sunaye wasu suka ƙi janyewa, har Nkrumah ya kori 81 a wani gangami a Kumasi. A Arewa sarakuna da 'yan bokonsu suka kafa NPP, ta zama babbar jam'iyyar adawa ƙarƙashin S. D. Dombo. A zangon Akra da na Kumasi kuma jam'iyyar Musulmi ta MAP ta ɗaga kai.

Koko, Ashanti da zaɓen 1956

Wata biyu da gama zaɓen, gwamnati ta ƙayyade kuɗin da za a riƙa biyan manomi a kan koko: sule 72 a kan kaya mai nauyin laba 60, har shekara huɗu, alhali farashinsa a kasuwar duniya yana ta tashi. Hujjar gwamnati ita ce a hana tsadar kaya, a kuma tara rarar don gina makarantu da hanyoyi. Hujja ce mai ma'ana a kan takarda. Amma kusan rabin kokon ƙasar daga Ashanti yake fitowa, kuma mutanen Ashanti dama suna da ciwon an ba su kujeru 21 bayan sun nemi 30. Manomi ya ga guminsa ne ake kwashewa zuwa Akra.

Ranar 19 ga Satumban 1954 aka ƙaddamar da ƙungiyar adawa ta NLM a Kumasi, babban birnin Ashanti, ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, ɗaya daga cikin manyan kakakin fadar Asantehene, sarkin Ashanti, ba da jimawa ba fadar kanta ta fito ta goyi baya. Buƙatarsu tsarin tarayya, kowane yanki ya riƙe arzikinsa da majalisarsa. Abin bai tsaya a baki ba. A Oktoba wani jami'in CPP ya daɓa wa sakataren yaɗa labaran NLM, E. Y. Baffoe, wuƙa ya mutu. Aka shiga ƙone-ƙone da farautar juna, 'yan CPP da dama suka gudu daga Kumasi, ministoci suka daina iya yin taro a can. A Yulin 1955 NLM ta ƙwace kujerar Atwima Nwabiagya a zaɓen cike gurbi. A Nuwamba aka tashi bam a gidan Nkrumah a Akra.

Ganin haka sakataren mulkin mallaka na Ingila, Alan Lennox-Boyd, ya ce ba zai sa ranar 'yanci ba sai an sake zaɓe, sabuwar majalisa ta nemi 'yancin da rinjaye mai gamsarwa. Nkrumah bai so ba. A wurinsa zaɓen 1954 ya riga ya ba shi wannan izini, kuma yana tsoron zubar da jini. Amma ya yarda, ya shiga fage.

Abin da ya yi a wannan tsakani shi ne siyasa a mafi kyawunta. Faɗuwar Atwima ta nuna masa inda ƙasa ta tsage, sai ya bi tsagar. Ya san sarakunan Bono da ke arewa maso yammacin Ashanti sun daɗe suna son fita daga ƙarƙashin Kumasi, ya jawo su jika, daga baya ma a 1959 aka yanka musu yankin Brong-Ahafo. A kudu kuma 'yan CPP suka yi ta tuna wa Fante da Ga tsohon tarihin mamayar Ashanti, suna tambayarsu ko tarayyar da ake nema ba dawo da wancan zamani ba ce. Mutum yana iya ƙin wannan salo, ni ma ban ga kyan tono tsohuwar gaba ba, amma lallashi ne da neman goyon baya, ba ɗauri ba.

Aka yi zaɓe ranar 17 ga Yulin 1956. CPP ta lashe dukan kujeru 44 na kudu, ta sami 8 cikin 13 a yankin Bolta da Togon Ingila, 11 cikin 26 a Arewa, sannan 8 cikin 21 a Ashanti kanta, inda ake cewa ba ta da wurin sa ƙafa. Jimla 71 cikin 104. NPP ta sami 15, NLM 12, MAP ɗaya a Kumasi. A yawan ƙuri'u CPP tana da wajen 398,000, sauran duka wajen 299,000, kuma kimanin rabin waɗanda suka yi rajista ne suka fito.

Adadin ba mai ɗaukar ido ba ne, amma babu wanda ya iya ƙaryata shi. 'Yan adawa sun yi gardama a kan ma'anarsa, suna cewa tunda CPP ba ta yi rinjaye a Ashanti da Arewa ba, ba ta da ikon ɗora musu tsarin gwamnati ɗaya tilo. Ba su ce an sace ba. Ranar 3 ga Agusta majalisa ta amince da ƙudurin neman 'yanci da ƙuri'a 72 ba hamayya, 'yan adawa sun ƙaurace. Ingila ba ta da sauran hanzari. Aka yi sulhu a kan kafa majalisun yankuna, aka sa hannu, ranar 6 ga Maris 1957 Gana ta sami 'yanci. Wannan kashi 57 shi ya sauke tutar Ingila. Ya kuma gaya wa Nkrumah gaskiyar da yake buƙatar ji: mutum huɗu cikin kowane goma da suka jefa ƙuri'a ba sa tare da shi, ga kuma yankunan da suke.

Daga wannan rana ba a sake yin babban zaɓen majalisa mai hamayya a Gana ba sai 1969.

Yadda aka rushe fagen

Abin baƙin ciki, a kan mutanen zango aka fara gwada sabon ƙarfin. Zangon Kumasi ya rabu biyu a rikicin, wasu suna CPP, wasu suna MAP da ke ƙawance da NLM. A Agustan 1957, wata biyar da samun 'yanci, gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, jigo a MAP, a kan cewa baƙi ne kuma zamansu barazana ne ga zaman lafiya. Suka garzaya kotu suna cewa a ƙasar aka haife su, 'yan ƙasa ne. Kafin kotu ta yanke hukunci majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, ta kashe shari'ar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. An zaɓi mutanen zango ne don su ne masu rauni: kullum ana iya tayar da maganar asalin iyayensu. Wannan rauni bai bar su ba ko da mulki ya sauya hannu, domin gwamnatin Busia ce a 1969 ta yi dokar korar baƙi da ta raba dubban Hausawa da Yarabawa da gidajensu da shagunansu. Amma abin da aka koya a 1957 ya wuce zango. An gane cewa rinjaye a majalisa yana iya shiga gaban alƙali.

Sauran suka biyo a guje. A ƙarshen 1957 aka haramta jam'iyyun da aka gina kan ƙabila, yanki ko addini, abin da ya sa NLM da NPP da MAP da sauransu suka dunƙule suka zama UP ƙarƙashin Busia. A Yulin 1958 aka yi dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi kotu ba. Majalisun yankuna da aka yi sulhu a kansu, UP ta ƙaurace wa zaɓensu, wanda babban kuskure ne, CPP ta cike su, suka amince a rushe su. Aka soke sharaɗin da ya sa gyaran kundin tsarin mulki yake da wuya. Aka kama R. R. Amponsah da M. K. Apaloo, manyan 'yan UP a majalisa, bisa zargin shirya juyin mulki. Busia ya tsere daga ƙasar a 1959. 'Yan adawa da suka haura 30 a majalisa suka yi ta raguwa, wasu suna tsare, wasu sun yi gudun hijira, da yawa daga Arewa sun sauya sheƙa saboda sun ga mazaɓar da ba ta bi gwamnati ba ba ta ganin rijiya ko makaranta.

A haka aka shiga ƙuri'ar Afrilun 1960, mai tambaya biyu: a koma jamhuriya, kuma wa zai zama shugaban ƙasa. Danquah, yana da shekara sama da 60, ya fito ya tsaya, ya san ba zai ci ba. An sanar da cewa Nkrumah ya sami 1,016,076, Danquah 124,623. Amma ba rana ɗaya aka yi zaɓen ba, kashi-kashi aka yi shi, kuma a Akra, inda idon 'yan jarida da lauyoyi yake, Danquah ya sami wajen kashi 35. Akra ce fa, garin da ya fito da Nkrumah daga kurkuku. Can ƙauyuka inda babu wakilin UP a rumfar zaɓe ne alƙaluman suka yi tsalle. Na yi imani Nkrumah zai ci wannan zaɓe ko da an yi shi tsaf, domin yana kan ganiyarsa, ga makarantu da asibitoci ana ta buɗewa, ga sunan Gana ya cika duniya. Amma ba da kashi 89 ba. Sannan majalisar da aka zaɓa a 1956, maimakon ta koma gaban jama'a, sai aka mai da ita majalisar sabuwar jamhuriya aka ƙara mata shekara biyar.

Dole a faɗi ɗaya ɓangaren, don rashin adalci ne a ɓoye shi. Ba mafarkin maƙiya Nkrumah yake yi ba. Ranar 1 ga Agustan 1962 aka jefa masa gurneti a Kulungugu, kusa da iyakar ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, yana dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yaméogo. Ya ji rauni, wasu suka rasa rayukansu. Bama-bamai suka yi ta tashi a Akra a watannin da suka biyo baya. Ranar 2 ga Janairun 1964 wani ɗan sanda da ke gadi a fadarsa ta Flagstaff House ya buɗe masa wuta, mai tsaron lafiyarsa Salifu Dagarti ya mutu. Ya ga abin da aka yi wa Patrice Lumumba a Kwango a 1961, ya ga yadda aka kashe Sylvanus Olympio a maƙwabciyarsa Togo a 1963. Wanda ya ga waɗannan, in ya ƙara masu gadi ya tsananta bincike, ba za a zarge shi ba.

Sai dai bam yana iya zama hujjar tsaro, ba ya zama hujjar taɓa akwatin zaɓe. Kuma waɗanda aka tuhuma da harin Kulungugu ba 'yan adawa kaɗai ba ne, har da na cikin gida: Tawia Adamafio, Ako Adjei da Cofie Crabbe, biyu ministoci, ɗaya babban jami'in jam'iyya. A Disambar 1963 kotu ta musamman ƙarƙashin Babban Joji Sir Arku Korsah ta wanke su ukun. Nkrumah ya tsige Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'ar. Wannan ne ya haifi ƙuri'ar raba gardama ta ƙarshen Janairun 1964, wadda ta nemi jama'a su amince da abu biyu: CPP ta zama jam'iyya ɗaya tilo, shugaban ƙasa kuma ya sami ikon korar manyan alƙalai duk lokacin da ya ga dama.

A rumfar zaɓe akwati biyu ne, na "e" da na "a'a". Kafin ranar, jaridar gwamnati ta gargaɗi masu tunanin fakewa da sirrin rumfa cewa zamanin da za a yaudari gwamnati ya wuce. 'Yan jaridar waje da suka zagaya sun ba da rahoton wuraren da aka toshe bakin akwatin "a'a", da wuraren da babu shi sam. Mutum ya shiga bayan labule da takardarsa a hannu, ya tarar da rami ɗaya ne a buɗe, ga ɗan jam'iyya a waje yana jiran fitowarsa. Sakamako: "e" 2,773,920, "a'a" 2,452. A duk faɗin Ashanti, yankin da ya ba 'yan adawa kujeru 13 cikin 21 shekara takwas da suka wuce, ba a rubuta ko "a'a" ɗaya ba.

A cikin wannan watan aka sake kama Danquah. Ya rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairun 1965, ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. Shi ne mutumin da ƙungiyarsa ta kira Nkrumah gida ta ba shi aiki, shi ne lauyan da ya tsaya wa Baffour Akoto a gaban kotun ƙoli yana ƙalubalantar dokar tsarewa. A 1951 fursuna ya iya tsayawa takara daga ɗakin kurkuku, aka ƙirga ƙuri'unsa, aka buɗe masa ƙofa. A 1965, a ƙarƙashin mulkin wancan fursuna, babu wata ƙuri'a da za ta iya buɗe wa Danquah ƙofar Nsawam. Duk ƙaunar da nake yi wa Nkrumah saboda abin da ya yi wa Afirka, wannan wuri ba ya wankuwa.

Zaɓen Yunin 1965 ba ya buƙatar dogon bayani, don ba a yi shi ba. Kwamitin ƙoli na CPP ya fitar da sunaye 198, aka sanar cewa duk sun ci ba hamayya, majalisar kuma ta sake naɗa Nkrumah shugaban ƙasa. Ko mutum ɗaya bai jefa ƙuri'a ba.

Abin da ya rasa

An fi yawan kallon wannan tarihi ta fuskar abin da aka yi wa 'yan adawa, kuma haka ya kamata. Amma akwai hasarar da Nkrumah ya jawo wa kansa. Zaɓe ba hanyar hawa mulki ba ce kawai, shi ne ke gaya wa mai mulki abin da fadawansa ba za su faɗa masa ba. A 1955 kujera ɗaya da ya rasa a Atwima ta farkar da shi, ya tashi ya yi aiki, ya tsamo kujeru takwas daga bakin NLM. Bayan 1960 babu sauran irin wannan ƙararrawa. Ya zama kamar ɗan kasuwar da ya lalata sikelinsa don ya rinjayi mai saye, ran da ya so sanin abin da ya rage masa a rumbu ya rasa abin awo.

Alamu kuwa suna nan ga mai son gani. A Satumban 1961 ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jiragen ruwa a Sekondi-Takoradi suka shiga yajin aiki saboda kasafin kuɗin da ya tilasta yankar wani kaso na albashi a matsayin ajiya. Su ne fa ƙashin bayan yajin 1950. Aka kama shugabanninsu. Gbedemah, wanda ya ci masa zaɓen 1951, ya soki dokar tsarewa a majalisa sannan ya tsere daga ƙasar. Zuwa 1965 farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ajiyar kuɗin waje ta ƙare, ana layin sukari da madara da sabulu. Da akwai zaɓe na gaskiya a wannan shekara, duk wannan fushi zai fito a akwati: ministoci su faɗi, jam'iyya ta rasa kujeru, shugaba ya san inda zai gyara. Da aka toshe wannan hanya, sai ya rage masu bindiga kaɗai ke da ikon sauya gwamnati, kuma aka ba su hujjar da suka fake da ita.

A Janairun 1966 ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo, aikin da har gobe Gana ke shan wutarsa. Ranar 24 ga Fabrairu, yana hanyar Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam, Kanar Emmanuel Kotoka da Manjo Akwasi Afrifa da shugaban 'yan sanda John Harlley suka karɓe mulki. Dakarun da ke gadin fadarsa sun yi turjiya na wasu sa'o'i. Jam'iyyar da ake cewa tana da mambobi miliyoyi kuwa ko gangami ɗaya ba ta iya haɗawa ba, manyanta ma rige-rigen yin tir da shi suka shiga. Shekaru sun shuɗe ba ta nemi ƙuri'ar kowa ba, rassan da Gbedemah ya kafa sun zama ofisoshin rabon muƙami da lasisin shigo da kaya. Ya ƙarasa rayuwarsa a Gini wurin Sékou Touré, ya rasu a wani asibiti a Bukares ranar 27 ga Afrilun 1972.

Da aka dawo zaɓe a 1969 an haramta CPP. Jam'iyyar Busia ta sami kujeru 105 cikin 140, ta Gbedemah 29. Amma shekara goma bayan haka, a 1979, jam'iyyar PNP da almajiran Nkrumah suka kafa ta tsai da Dokta Hilla Limann, ɗan Arewa da ba a san shi sosai ba, ya kayar da Victor Owusu na zuriyar UP a zagaye na biyu da kusan kashi 62, jam'iyyar kuma ta sami kujeru 71 cikin 140. Shekara 13 ke nan da juyin mulki, bakwai da rasuwarsa, ba dokar tsarewa a hannunsu, ba 'yan sanda, ba ko sunan CPP. Wannan ne ya sa nake ganin da ya bar akwatin "a'a" a buɗe a 1964, ya kuma bar mutane suka tsaya takara a 1965, zai rasa kujeru da yawa a Ashanti da Bolta da ma Akra, wataƙila ya sha da ƙyar, amma akwai kyakkyawan zaton da ya ci.